Ka ƙara RAM amma kwamfuta ta ƙi ganinsa duka? Ga inda aka fi yin kuskure

Mutum zai sayi RAM, wato memorin da kwamfuta ke aiki da shi, giga 4 ya ƙara kan 4 ɗin da ke cikin laftof ɗinsa, ya kunna yana jiran ganin 8, sai ya tarar har yanzu 4 ce, ko kuma ta rubuta 8 ɗin amma a gefe ta ce 3 da ɗoriya kawai za ta iya amfani da shi. Daga nan sai a ɗau zafi, wani ya koma shago da rigima wai an sayar masa da jabu, wani kuma ya kai a yi masa fomatin ya yi asarar fayilolinsa a banza. Toh kafin duk wannan, abu na farko shi ne ka shiga BIOS, wato shafin saitin na'urar da ake shiga kafin Windows ta tashi. Da ka danna madannin kunnawa sai ka yi ta latsa F10 in HP ce, F2 in Dell ce, F1 in ThinkPad ce, ka duba nawa ta rubuta a wajen memori. Wannan dubawar ita ce ke raba gardama. In BIOS ya ga duka, yawanci matsalar tana cikin Windows, babu ruwanka da sukundireba. In shi ma bai gani ba, to ko sau goma ka sake Windows ba abinda zai canza.

Bari mu fara da wanda BIOS ya gani amma Windows ta ƙi. Windows iri biyu ce, 32-bit da 64-bit, kuma mafi yawanci mai 32-bit ce a kan na'urar, ita kuwa iyakarta giga 4, a cikin 4 ɗin ma abinda take baka bai cika wuce 3 da rabi ba. Masu saka Windows da yawa sun saba ɗora 32-bit a kan tsofaffin laftof masu giga 2, lokacin ba laifi, sai ranar da ka ƙara RAM ne abin zai fito fili. Shiga Settings, System, About, ka karanta layin System type. In 32-bit ce babu wani saiti ko manhaja da za ta gyara, sai dai ka kwashe kayanka a filash ka saka 64-bit sabuwa. Masu riƙe da Windows 7 har yau su ma su sani, Starter giga 2 take tsayawa, Home Basic 8, Home Premium 16.

Akwai kuma wani ɗan akwati da ke wahalar da mutane. Danna madannin Windows da R, rubuta msconfig, shiga Boot, sai Advanced options, za ka ga Maximum memory. Akwai bidiyoyi da yawa da ke cewa ka yi masa alama wai kwamfuta za ta ƙara gudu, wallahi ba ya ƙara komai, ƙayyade RAM yake yi, kuma in an yi masa alama tun tana da giga 4 zai iya riƙe ta a nan ko nawa ka ƙara. Cire alamar, ka kashe ka kunna, shikenan.

Idan kuwa abinda ya ɓace kaɗan ne, misali 8 ta zama 7.8 ko 7.4, ƙyale shi. Girafik ɗin da ke haɗe da firosesa ba shi da memorin kansa, daga RAM ɗinka yake ɗiba. Task Manager, Performance, Memory, a ƙasa za ka ga Hardware reserved. Wasu laftof masu AMD har giga 2 suke warewa. Amma in ka ga rabin RAM ɗin gaba ɗaya ya tafi can, wannan ba girafik ba ne, yawanci sandar RAM ɗaya ce bata zauna daidai a gurbinta ba.

Wannan rashin zaman kuwa shi ne ya fi kowanne yawa a ɓangaren da BIOS bai gani ba. Mutane na tsoron dannawa kar su karya. A laftof ana soka sandar ne a karkace, a tura ta sosai har haƙoran nan masu ruwan zinare su kusan ɓacewa cikin gurbin, sannan a kwantar da ita ƙasa har ƙarafan gefe biyu su yi ƙas. In kana hango haƙoran a waje sosai, ko gefe ɗaya ya kama ɗaya bai kama ba, bata shiga ba. Cire caja da batir tukuna dan Allah, in batirin na ciki ne a zare wayarsa daga bod, wato babban allon da ke cikin na'urar. Sannan gurbin da ya shekara uku a buɗe ba komai a ciki, ga ƙurar hunturu irin tamu, ka san ya sha datti. A hure shi da bulowa, haƙoran kuma a goge su a hankali da abin goge fensir mai tsabta, ban da hura iska da baki saboda yawu. A destof mai gurbi huɗu kuma in sanda biyu gareka, yawancin bod na zamani na biyu da na huɗu daga firosesa suke so, waɗanda aka rubuta A2 da B2.

Sai sayen wanda bai dace ba. DDR3 da DDR4 ba a cika ruɗewa ba tunda tsagar ƙasansu ba wuri ɗaya take ba, ba zai ma shiga ba. Inda ake faɗawa shi ne DDR3 da DDR3L, kamarsu ɗaya sak kuma gurbi ɗaya suke shiga, amma na farko bolt 1.5 yake ci, na biyu 1.35. Laftof irin su EliteBook 840 G1 da G2 ko ThinkPad T440, waɗanda suka cika kasuwar tokumbo, DDR3L suke buƙata. Karanta sitikar da ke jikin sandar, PC3L ne naka, in PC3 ne zalla ba L a mayar. Haka wanda lambarsa ta ƙare da R, kamar PC3-10600R, na saba ne, wato manyan kwamfutocin kamfanoni, shi yasa yake arha, destof ɗin gida ba za ta karɓe shi ba.

Kowace na'ura kuma tana da iyakarta. Laftof mai Core i5 ƙarni na farko giga 8 ce ƙarshenta, 4 a kowane gurbi, kuma ko 4 ɗin ma tafi son tsohon samfuri mai 2Rx8 a sitika, sabon mai 1Rx8 sau da yawa bata karanta shi. Rubuta lambar modal ɗinka a shafin kamfanin ka ga iyakar kafin ka fidda kuɗi, ko kawai ka ɗauki laftof ɗin ka je da ita shagon a gwada a gabanka.

In duk wannan bai warware ba sai gwaji ɗaya bayan ɗaya. Sabuwar sanda ita kaɗai a gurbin farko, kunna, duba BIOS. Mayar da ita gurbi na biyu, sake dubawa. Haka tsohuwar. In sabuwar ta ƙi a duka biyun ita ce matacciya, yanzu kana da hujjar komawa shago. In kowace sanda ta ƙi a gurbi guda, gurbin ne ya lalace, mafita sai sanda ɗaya babba a mai lafiyar in bod ɗin zai ɗauka. A destof har lanƙwasar fil ɗaya a mazaunin firosesa na iya kashe gurbi biyu lokaci guda, wannan kam aikin mai gyara ne. Manhajar CPU-Z kyauta ce, shafin SPD zai nuna maka ainihin girman kowace sanda, nan ake kama wadda aka liƙa wa sitikar 8 alhali 4 ce. Sabunta BIOS ma yakan taimaka wani lokaci, amma a bar shi ƙarshe, kuma kar a fara sai batir a cike caja a jone, don in wuta ta ɗauke ana tsaka da shi na'urar na iya ƙin tashi gaba ɗaya.