Faifai mai lamba 12 ba shi zai kai ka nesa ba

Na gaji da ganin sabon shiga wasan golf na faifai, wanda ake jefa faifai zuwa cikin kwando, ko wata biyu bai yi ba, ya ciko jaka da Destroyer, wani faifai mai faɗin baki na jifan nesa. Ni ma haka na yi, shi ya sa abin yake ci min rai. Lambobi huɗun nan na jikinsa, 12, 5, -1, 3, ta farkon ta gudu ce, amma ba gudun da zai ba ka ba ne, wanda yake nema daga hannunka ne. In ba ka da shi, ka yi jifan bayan hannu da hannun dama, sai ya ɗan tafi, ya kwanta hagu, ya soki ƙasa. Shekara guda ina ɗora wa iska laifi. Ranar da na ari faifan Leopard, mai lambar gudu 6, ko nishi ban yi ba na wuce inda Destroyer ke faɗuwa. Kunya kamar in nutse.

Ka ajiye masu faɗin bakin nan tukuna. Riƙe Leopard ko Buzzz, masu ƙaramar lambar gudu, har sai kana miƙar da su mita 80. Kuma ba dole sai mai giram 175 ba. David Wiggins Jr. da ya kafa tarihin nisan jifa na mita 338 a 2016, da mai giram 154 ya yi, iska kuma na bayansa.

Sai masu fizga da damtse. Malam, faifai ba dutse ba ne! Wannan ya kwantar min da kafaɗa makonni, riga ma da ƙyar nake sawa. Ƙarfin daga ƙasa yake tasowa: ka dasa ƙafar gaba tukuna, ƙugu ya juya, kafaɗa ta biyo, hannu ya zo ƙarshe kamar bulala. Faifan ya bi ta gaban ƙirji a miƙe, kada ka zagayo da shi. Ni har yau, in jifana ya lalace, daina taku kafin jifa nake, in tsaya cak in yi hamsin a haka.

Goshin faifai in ya ɗaga, sama zai hau ya dawo; karya wuyan hannu ƙasa kamar mai tsiyaya ruwa. Yatsu huɗu a ƙarƙashin baki, babban yatsa a sama. Kuma ka daina ƙura wa kwando ido lokacin da kake kai hannu baya, bar kai ya bi kafaɗa.