Yadda ake amfani da tabarau mai kyamara wajen wankin ciwo

Duk nas ɗin da ke aiki a ƙaramin asibiti wajen Giwa ko Soba ta san yadda ake fama da gyambon masu ciwon suga, mutum ya zo da ƙafa ta ruɓe, likitan da zai ce a yi kaza yana can babban asibitin Shika, kuɗin mota ma babu. To wannan tabarau aikinsa kenan, kin saka shi a fuska, kyamarar da ke jikinsa tana tura wa likita abin da idonki ke gani, shi kuma daga kwamfutarsa yana miki magana, har ya zana alama ta fito miki a gilashin ya ce yanke nan, bar can, hannuwanki biyu suna kan aiki. Cikin irin wannan tabarau akwai HoloLens na Microsoft da aka daina ƙerawa a 2024, akwai na kamfanonin Vuzix da RealWear, a 2020 likitoci a Landan sun yi amfani da HoloLens a ɗakunan masu korona.

Kafin a kwance bandeji ki fara neman izinin majinyaci, ki gaya masa da Hausa ƙarara cewa akwai likita a wani wuri yana kallo, in mace ce kuma ciwon a wurin da ake sakayawa yake ki faɗa mata ko likitan namiji ne, in ta ce a'a to a'a ɗin ce. Kar fuska ta shiga hoto.

Sai caji da netwok, HoloLens 2 awa 2 zuwa 3 batirinsa ke yi, ki gwada kiran tun majinyaci bai kwanta ba, don ba daɗi a buɗe ciwo ƙuda na yawo ana jiran sabis. Ki saka tabarau ki daidaita shi kafin ki wanke hannu ki sa safar hannu, bayan nan kar ki ƙara taɓa shi.

Haske fa shi ne babba, likita da launi yake karanta ciwo, ja naman da ke tsirowa ne, rawaya ko baƙi mataccen nama ne, to kwan lantarki mai ja-ja zai iya ruɗa shi, ki matsa kusa da taga ko ki samu farar fitila. Ki ajiye rula ta takarda a gefen ciwon ya ga tsawo da faɗi, kuma ki riƙa juya kai a hankali, in kina waige-waige hoton dishi-dishi yake zuwa masa.

Abin da na fi so ku riƙe, likitan nan ba ya jin wari kuma ba ya taɓawa, ke ce za ki ce masa ranka ya daɗe akwai wari, gefen ciwon da zafi, ya yi tauri, in na danna mugunya na fitowa, yatsun da sanyi, jiya ya kwana da zazzaɓi. Wallahi in kika yi shiru kina jira ya gani da kansa rabin labarin kawai ya samu.

In ya ce ki yi abin da ba a koya miki ba, kamar yanke nama mai zurfi, ki ce ba ki iya ba, a tura majinyaci babban asibiti. Haka in baƙin yana hawa sama ko jan yana yaɗuwa, mota za a nema a ranar. Kin gama ki cire safar hannu, ki goge tabarau da abin da kamfanin ya yarda a goge shi da shi, ki rubuta awon ciwon da abin da likita ya ce da ranar da za a sake kira.