Yadda za ka kula da keken fiksi kuma ka hau shi a titin Legas lafiya

Tun da aka hana acaɓa a manyan ƙananan hukumomin Legas a watan Yunin 2022, ga kuma cire tallafin mai a 2023 da ya sa kuɗin danfo ya tashi, matasanmu da dama a Agege da Idi-Araba da Mile 12 sun koma kan keke, wasu zuwa wurin aiki wasu kuma kai saƙon abinci. Cikin kekunan gwanjo da ake shigowa da su akwai wani siriri mara nauyi, giya ɗaya, babu wayoyi babu tarkace, wato fiksi, kuma shi ne ya fi ɗaukar idon samari saboda kyau. Toh ɗan uwa in ka saya ko kana shirin saya ka tsaya mu yi magana, dan wannan keken ba irin Raleigh ko Phoenix ɗin da muka koya a gida bane.

Asalinsa keken tsere ne na fili, irin filin nan mai gangare ta gefe da aka gina a filin wasa na ƙasa da ke Abuja lokacin wasannin Afirka na 2003. A can kowa hanya ɗaya yake bi, ba mota ba rami ba mai tsallaka titi, shi yasa ba a sa masa birki, kuma ƙaramin haƙorin baya a ɗaure yake da wili, babu firi. Muddin tayar baya na juyawa feda ma na juyawa, ba za ka iya tsayar da ƙafa ka huta ba ko a gangara, in ka yi mantuwa ka tsayar da ƙafa to fedar ce za ta ɗaga ka sama. Kaga abin da aka ƙera dan wancan fili in za a kawo shi Oshodi dole sai an yi masa gyare-gyare.

Birkin gaba shi ne farko kuma ni a wurina babu jayayya a kansa. Na san akwai masu cewa ai da ƙafa suke tsayawa, su danne feda taya ta ja ƙasa, eh ana yi, amma in ka taka birki nauyin jikinka gaba yake tafiya, tayar baya ta yi sakayau, dan haka tayar gaba ce ke da ƙarfin tsayar da kai cikin gaggawa. Jan tayar baya kan kwalta mai yashi ko mai ruwa zamewa kawai yake ƙara maka. Sannan ranar da sarƙa ta zame ko ta tsinke, wanda ba shi da birki ba abin da ya rage masa. Kafin ka biya kuɗi ka duba fok ɗin gaba, wato ƙarfen da ke riƙe da tayar gaba, ko akwai ramin da ake ɗaura birki, dan wasu na asalin fili ba a huda su ba, ka kuma duba gefen rim ko yana da shimfiɗaɗɗen wurin da robar birki za ta kama. Da yawa wilin bayansu fuska biyu ne, gefe ɗaya fiksi ɗaya gefen firi, in sabon shiga ne kai ka juya shi zuwa firi ka sa birki gaba da baya har hannunka ya faɗa, babu abin kunya a nan.

Yanzu sarƙa, nan ne aikin yake. A wannan keken sarƙa ita ke tuƙa ka kuma ita ke rage maka gudu, saboda haka kar ta yi sako-sako kar kuma ta ɗaure tamau. Ka danna ta da yatsa a tsakiya, ta motsa sama da ƙasa kamar rabin inci, ya wadatar. Amma ka sani babban faranti na gaba ba ya taɓa zama da'ira cif, akwai wurin da sarƙa ke ɗaurewa akwai inda take saki, dan haka ka juya feda a hankali ka nemo inda ta fi ɗaurewa, a nan za ka gwada. In za ka gyara sai ka sassauta notin baya guda biyu da sifana mai lamba 15, ka ja wili baya, ka ɗan ɗaure gefe ɗaya, ka tura taya ta zauna tsakiyar firam, ka ɗaure ɗaya gefen, sannan ka koma ka matse duka biyun sosai. In ka ɗaga keken ka juya kana jin gurnani ko wilin na saurin tsayawa, ta yi tsauri, za ta cinye maka boris. Kuma in za ka sayi sabuwa ka faɗa wa mai shago mai faɗin 1/8 kake so, siririyar sarƙar keke mai giya da yawa ba ta hawa haƙori mai kauri. Gane ta tsufa ba wuya, ka sa tef ɗin tela, gaɓa 12 cikakku, wato ta ciki da ta waje a haɗe a matsayin ɗaya, inci 12 ne a sabuwa, in ta wuce da 1/16 na inci canza ta kafin ta lalata haƙoran.

Dan Allah wannan ku riƙe shi da kyau, kar ka taɓa goge sarƙar fiksi da tsumma alhali wili na juyawa. Wilin na da nauyi kuma ba firi, in tsumma ya shiga tsakanin sarƙa da haƙori da yatsanka zai tafi kuma ba zai tsaya ba. Ka tsayar da wili, ka goge wuri ɗaya, ka matsar da hannu, ka sake gogewa. Yara ma a kore su daga wurin in an kifa keke ana aiki.

Wajen mai kuwa mutanenmu sun saba da baƙin man inji da ake tsiyayowa wurin makanikai, gaskiya ba na son shi, yashi yake tarawa ya zama kamar sanfefa yana cin ƙarfe. Ka wanke da kananzir da tsohon buroshin haƙori, ka bari ta bushe, ka ɗiga man sarƙa ɗigo ɗaya a kowace gaɓa, in babu ko man keken ɗinki ya fi baƙin mai sai dai ruwa na saurin wanke shi, bayan ɗan lokaci ka goge na waje tas, wanda ya shige ciki shi ke aiki. A Legas iskar teku da danshi ba sa raga wa ƙarfe, daga Afrilu zuwa Yuli in ruwa ya dake ka a hanya ka goge keken ka ƙara mai a daren, kar ka bari sai gobe. Sandar sirdi ma ka riƙa zare ta lokaci-lokaci ka shafa giris, in ta yi tsatsa ta manne da firam sai dai haƙuri.

Akwai wani zobe da ke bayan ƙaramin haƙori wanda masu gyara da yawa ba su san shi ba tunda ba su saba da irin keken ba. Haƙorin ana ɗaure shi ne ta dama kamar kowane noti, shi kuma zoben ta hagu ake ɗaure shi, dalili kuwa in ka danne feda baya haƙorin zai so ya kwance, sai ya tarar da zobe yana ƙara matsewa. In zoben ya yi sako za ka ji feda ta ɗan zame kafin ta kama duk lokacin da ka rage gudu, kar ka ƙara hawa sai an gyara, in ba haka ba zaren hob ɗin, wato cibiyar wili, zai cinye. A fara matse haƙori sosai sannan zobe. Kuma in wani ya ce zai mayar maka da tsohon keke fiksi ta hanyar ɗaura haƙori kan hob ɗin firi ya ɗiga gam, ka ce masa a'a, hob ɗin da ba shi da zaren zobe ba na wannan aikin bane. Fedar hagu ita ma zarenta a juye yake, ka tuna da shi kafin ka sa ƙarfi.

Maganar giya a taƙaice, na fili suna zuwa da nauyi, irin haƙora 50 gaba 15 baya, wannan a gosulo gwiwa zai kashe maka. 46 ko 48 gaba da 17 baya ya fi dacewa da tashi da tsayawa da hawan gada irin ta Pen Cinema, da 48/17 kowane zagayen feda kusan mita 6 yake kai ka. Ka guji 48/16 in kana jan taya, dan in ka raba 48 da 16 uku cif yake bayarwa, wuri ɗaya tayar za ta riƙa gogar ƙasa har ta huje, 17 kuwa rarraba cin yake yi.

Taya mai lamba 23, wato faɗin milimita 23, ba ta titinmu bace, in firam zai ɗauka ka sa 28. Iska ka bi abin da aka rubuta a gefen taya, yawanci PSI 80 zuwa 90 a ma'aunin iska na isar mai matsakaicin jiki a kan 28, kuma siririyar taya na sauke iska da kanta, sai kana dubawa duk bayan kwana biyu zuwa uku. In iska ta yi ƙasa ka faɗa rami rim zai cije tub ya yi huji biyu gefe da gefe. Bawul ɗinsu siriri ne, injin mai faci na bakin titi ba ya kama shi sai da ɗan adafta, ka saya ka bar shi cikin aljihu, ka kuma tsaya a kansa lokacin da yake ba ka iska dan injin mota nan da nan yake fasa tub. In za ka yi faci da kanka ka kankare wurin, ka shafa gam ka bari ya sha iska kamar minti 5 har ya daina sheƙi sannan ka manna, kuma ka shafa cikin taya a hankali ka nemo abin da ya huda, sau da yawa siririyar waya ce daga fasassun tayoyin tirela.

Toh sai hanya. Abin da na lura da shi, yawancin direbobi ba neman ka suke da sharri ba, ba su gan ka bane ko kuma ba su zaci keke zai iso da wannan saurin ba, tunda ba ka da ƙarar inji. Aikinka shi ne ka sa a gan ka kuma a iya gane inda ka nufa. Ka tafi a miƙe, kar kana shiga kana fita tsakanin motocin da aka faka. Kar ka manne da bakin kwalbati, ka bar kamar mita ɗaya, nan ne yashi da kwalba da buɗaɗɗun ramuka suke, kuma in ka manne direba zai ga kamar akwai wurin wucewa ya matse ka. Motar da aka faka ma ka ba ta mita ɗaya saboda ƙofa.

Danfo ka san halinsa, duk wanda ya ɗaga hannu a gefen titi tasha ce, zai yanko dama ba sigina. Dan haka kar ka kuskura ka shiga tsakaninsa da gefen titi, ga kwandasta a rataye ga fasinja na dirowa. Ka riƙa kallon masu tsaye a gefen hanya da hannun kwandasta, su za su gaya maka zai tsaya kafin fitilar birkinsa, wadda ƙila ma ba ta aiki. In ya tsaya ka waiwaya, ka miƙa hannun hagu, ka wuce ta hagunsa in da sarari, in babu ka tsaya a bayansa. Keke Marwa da ƙananan bas ɗin nan korope duk haka. A mahaɗa kuma tayar gaban mota za ka kalla, ita ke fara nuna inda za ta, ka nemi idon direba, in bai kalle ka ba ka ɗauka bai san da kai ba.

Tirela da tanka su ne abin da nake jin tsoro wa ƙannenmu, musamman masu bin Ijora da hanyar Apapa zuwa Oshodi. Direban yana sama, gefen damansa da gaban hancin motar akwai wuraren da madubi ba ya nuna masa, kuma in zai sha kwana tayoyin baya ba sa bin sawun na gaba, ciki suke yankowa. Wurin da ka ga kamar fili ne a gefensa kafin ka ankara ya rufe. Kar ka tsaya a gefen babbar mota a danja ko shataletale, ka zauna can baya inda kake hango madubinsa. Layin manyan bas na BRT da ke Ikorodu Road ma ba naka bane duk yadda ka gan shi fayau, ba wurin kaucewa a ciki. Gadar Third Mainland kusan kilomita 12 ce ta motoci masu gudu ga iska, ban yarda kowa ya hau ta da keke ba. Wanwe kuwa ko ba jami'an hanya na LASTMA a wurin kar ka yi, mai fitowa daga lungu ɓangaren da motoci ke zuwa yake kallo.

Akwai abubuwan da fiksi kaɗai ke jawowa. Tunda feda ba ta tsayawa, in ka kwanta da yawa a kwana za ta iya dukan ƙasa ta ɗaga tayar baya, haka in ka matsa kusa da dakalin titi cikin gosulo, dan haka ka rage gudu tun kafin kwana. Wandon kaftani da jallabiya da igiyar takalmi in sarƙa ta kama su ba za ka iya tsayar da ƙafa ka cire ba, ka naɗe ƙafar wando ta dama ko ka cusa cikin safa, ranar Juma'a ka sa rigar a jaka ka canza a masallaci. Silifas ba na hawan wannan keken bane, ka sa takalmi rufaffe da maɗaurin feda, in ƙafa ta zame a gangara fedar za ta yi ta dukan ƙwaurinka. Ruwa in ya kwanta a titi ka sauka ka tura, ba ka san inda aka cire murfin kwalbati ba, kuma ruwan yana shiga boris ɗin tsakiya. Hular kwano, farar fitila gaba ja a baya, riga mai ɗaukar ido in za ka fita da asuba ko bayan magariba, kunne kuma a buɗe, ba iyafis.

In direba ya matse ka kar ka daki motarsa, nan da nan agbero, wato 'yan tasha, za su taru maganar ta koma wani abu daban. Ɗaga hannu da "Oga sannu" ya fi saurin buɗe maka hanya, wanda ya ba ka wuri kuma ka ɗaga masa hannun godiya. In Allah ya kiyaye an yi hatsari lambar gaggawa ta Legas 112 ce ko 767, ka sa su a waya tun yanzu. Sabon shiga kuma kar ya fara da ranar Litinin, ya fita safiyar Lahadi bayan sallar asuba wajen Alausa ko cikin Ikoyi lokacin titi ba kowa, ya koyi tashi da tsayawa da birki da ƙafa tare, da waiwaye ba tare da keken ya karkace ba, da sakin hannu ɗaya dan yin sigina, sai waɗannan sun zauna masa sannan ya shiga Agege Motor Road.