Yadda na ceto furen airis na tukunya a hunturu

Da hunturu ya shigo Ngaundere, ganyen airis ɗina ya yi rawaya, ya bushe daga baki. Na zaci ƙishi ne, na riƙa ban ruwa kullum, har na ƙara taki. Ashe hutawa yake yi, ruwan kuma ya ruɓar da saiwar, mai kama da citta.

Na tono ta, na yanke inda ya yi laushi yana wari da wuƙa mai tsabta, na rage ganyen zuwa santimita 15. Na barbaɗa toka a yankan, ta sha iska kwana 2 a inuwa. Na mayar cikin tukunya mai huji, ƙasa rabi yashi rabi, saman saiwar a waje yana ganin rana. Ruwa sai ƙasa ta bushe.

Mako 3, sabon ganye ya leƙo daga tsakiya. Alhamdu lillahi.