Matakan Yin Gwajin Jinin Sikila Kafin Aure a Katsina

Da farko, ka nufi ɗakin gwaje-gwaje na asibitin da aka amince da shi, kamar Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, kuma ba sai ka ƙauracewa abinci ba.

Kafin a ɗebi jinin, ka sanar da ma'aikaci idan an yi maka ƙarin jini cikin watanni 3 da suka wuce, domin jinin da aka ƙara maka yana iya ɓoye ainihin sakamakonka, har mai SS (wato mai cutar sikila) ya fito kamar AS (wato wanda ke ɗauke da ƙwayar gadon sikila amma ba shi da cutar). Wannan mataki ne da bai kamata a raina ba.

Bayan an zuba jinin a ƙaramar kwalba mai murfi shunayya, wadda sinadarin cikinta ke hana shi daskarewa, ka duba da idonka cewa sunanka da lambarka ne aka rubuta a jikinta.

Idan an nemi ajiye ragowar jinin don bincike, ka karanta takardar amincewa tukuna. Kana da ikon ƙi.

Daga nan ku kai wa likita sakamakonka da na wadda za ka aura tare, domin idan dukanku AS ne, kowane ciki yana da yiwuwar 1 cikin 4 na zuwa da SS.