Yadda Ake Zaɓar Manhajar Karatu ga Yaron Ƙaramar Sakandare da Za a Koyar a Gida

Iyalai da dama kan tsaya shawara idan yaro ya gama aji shida na firamare. Wasu so suke ya kammala hadda kafin boko ya ɗauke masa hankali. Wasu kuɗin makarantar kuɗi ya fi ƙarfinsu, ta gwamnati kuma aji ya cika maƙil. Akwai waɗanda aiki ke yawo da su gari-gari, akwai kuma waɗanda satar ɗalibai ta sa makarantar kwana ta fita musu a rai. Sai a yanke cewa yaro ya zauna gida shekara biyu ko uku a koya masa. Wannan shawara ba ta da aibi. Aibin yana zuwa ne idan aka tafi kasuwa aka ciko jaka da littattafai, ba a san wace jarrabawa yaron zai zauna ba, ba a kuma san wa zai karɓi karatun nasa daga baya ba.

Shekarun nan, daga 11 zuwa 14, su ne lokacin da lissafi ke tashi daga ƙirga zuwa aljabra, karatun Turanci kuma ke tashi daga furta kalma zuwa fahimtar shafi guda. Yaron da ya yi rauni a nan, da wuya raunin ya sake shi har ya gama sakandare.

Mataki na farko: ku san inda zai koma

Kafin ku sayi ko biro, uwa da uba ku zauna ku amsa tambaya ɗaya: bayan shekara uku, wace makaranta yaron nan zai shiga? Amsar ita za ta zaɓar muku manhaja.

In a Najeriya zai ci gaba, ya shiga babbar sakandare ya zauna WAEC ko NECO, daga nan JAMB, to manhajar ƙasa ita ce taku. Hukumar NERDC ce ke tsara ta, ita ce ta shekara tara ta ilimin bai-ɗaya, shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare. Ƙarshenta jarrabawar BECE ce, wadda NECO ke shiryawa, jihohi ma suna shirya tasu. In nufinku ya bi layin Arabiyya da addini, to ku dubi hukumar NBAIS, wadda ke shirya jarrabawar kammala sakandare ga makarantun Arabiyya da na haddar Alƙur'ani, kuma ana shiga jami'a da sakamakonta.

In kuwa kuna hangen karatu a waje, akwai tsarin Cambridge na Ingila. Matakinsa na waɗannan shekaru aji 7 ne zuwa 9, sai shekara biyu na shirin jarrabawar IGCSE, wadda British Council ke yi wa ɗalibai masu zaman kansu rajistarta a Najeriya. Tsari ne mai kyau, musamman a kimiyya, domin yana tilasta wa yaro ya yi bayanin dalili, ba haddar amsa kawai ba. Amma kuɗinsa yana bin farashin fam, kuma kowane darasi da nasa kuɗin. Ku yi wannan lissafin tun yau, kada a kai shekarar jarrabawa a tarar aljihu bai kai ba.

Manhajojin Amurka su suka fi yawa a intanet, su suka fi kyan talla, su kuma nake ganin sun fi ruɗar iyaye a nan. A can koyarwa a gida halal ce a jihohi 50 duka, kowace jiha da dokarta: New York na neman tsarin karatu a rubuce da rahoto sau huɗu a shekara, Texas kuwa kusan ba ta neman komai. Ba su da manhajar ƙasa guda, ba su da jarrabawar ƙasa a ƙarshen aji 8. Littattafansu da inci da dala suke lissafi, tarihin Amurka suke koyarwa, kuma manyan kamfanonin da ke sayar da su, irin su Abeka, a kan koyarwar addinin Kirista suka gina darussansu. Iyalin Kirista na iya ganin haka alheri ne, iyalin Musulmi kuma ya kamata su sani kafin su biya. Ga wanda ke zaune a Amurka, wannan hanya tasa ce. Ga yaron da zai zauna BECE a Kano ko Gusau, hanya ce da ba ta ɓulla inda za shi.

Iyalan da ke Nijar kuwa shekara huɗu ce tasu a koleji, da Faransanci, ƙarshenta jarrabawar BEPC. Kada su ɗauki littattafan Najeriya su ɗora wa yaro don kawai sun fi sauƙin samu a Maraɗi.

Mataki na biyu: ku riƙe igiya da wata makaranta

Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ɗora wa iyaye alhakin ganin yaro ya halarci firamare da ƙaramar sakandare ya kammala, kuma ba ta tanadi wani tsari na rajistar masu koyarwa a gida ba. Sannan BECE makarantu ne ke yi wa ɗalibai rajistarta, tare da makin gwaje-gwajen da aka tara a cikin zangon karatu. Saboda haka tun daga ranar farko ku je wata makaranta mai rajista da ke kusa, ku zauna da shugabanta, ku faɗi gaskiyar abin da kuke shirin yi. Abin da za ku nema shi ne yaro ya riƙa zuwa yana zauna gwajin tsakiyar zango da jarrabawar ƙarshen zango tare da sa'o'insa. Kun sami maki na halal, kun kuma sami ido na waje da zai gaya muku matsayin ɗanku ba tare da son zuciya ba. Wanda duk ya ce ku bari sai aji uku ku kawo kuɗi a cika masa maki, ku bar wurinsa. Yaron da aka raba da aji don ya haddace Alƙur'ani bai dace a buɗe masa sakandare da takardar ƙarya ba.

Mataki na uku: ku gwada yaron da kanku

Takardar kammala firamare ba ta faɗin abin da yaro ya sani. Ku zaunar da shi da safe, ya karya, hankalinsa kwance, ba tsawa, ba bulala a kusa. Ku ba shi sakin layi guda na Turanci daga littafin aji shida ya karanta a bayyane, sannan ku rufe littafin ku ce ya ba ku labarin da Hausa. Za ku ga yaro ya karanta tiryan-tiryan, ko tuntuɓe bai yi ba, amma da aka ce “to me aka ce?” sai ya sunkuyar da kai yana murza gefen riga. Wannan yaron furuci ya iya, fahimta ce babu, kuma duk littafin kimiyyar da kuka miƙa masa hadda zai yi.

Ku yi masa shifta ta layi biyar da Turanci, biyar da Hausa. Sannan ku rubuta masa 3/4 + 1/2. In ya rubuta 4/6, ya tara na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa ke nan, bai gane mene ne rabi da kwata a lissafi ba. Ku tambaye shi bakwai sau takwas, ku lura ko yatsu yake ƙirgawa a ƙarƙashin tebur. Ku ce an sayi kaya naira 2,000 an sayar 2,500, ribar kashi nawa ce cikin ɗari.

Abin da kuka gani a wannan zama shi zai faɗa muku littafin da za ku fara da shi. In ya zama dole a koma lissafin aji biyar na tsawon zango guda, a koma. Babbar fa'idar koyarwa a gida ke nan: ba wanda zai yi masa dariya, kuma yaro na iya zama ɗan aji biyu a Turanci, ɗan aji shida na firamare a lissafi, a lokaci guda. Ginin da aka ɗora a kan jiƙaƙƙen tubali, damina ɗaya ke kayar da shi.

Mataki na huɗu: ku samo manhajar kafin littafi

Manhaja ita ce jerin abin da za a koya, aji-aji, batu-batu. Littafi hanyar wani marubuci ce ta koyar da shi. Ku nemi ta NERDC, sannan ku roƙi wani malami a makarantar da kuka ƙulla da ita ya ba ku tsarin aikinsu na mako-mako, wanda ya raba shekara zango uku. Da shi za ku san cewa a mako kaza sa'o'in ɗanku sun kai batu kaza.

Ku kula da shekara. A 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da sabuwar manhaja da ta taƙaita darussan ƙaramar sakandare zuwa tsakanin 12 da 14, da tarihin Najeriya da fasahar zamani a ciki, da kuma sana'a guda da ɗalibi zai zaɓa daga cikin shida: haɗa sola, ɗinki, kiwo, kwalliya, gyaran kwamfuta da waya, da noman lambu. Littafin da yaya ya yi amfani da shi shekara biyar baya zai yi aiki a lissafi, amma a wasu darussan ya riga ya tsufa.

Kada adadin nan ya tsorata ku. Ba a koyar da darasi 12 kullum a gida. Lissafi, Turanci da kimiyya su ne na kullum, ko aƙalla kwana huɗu a mako. Hausa, addini da Arabiyya, tarihi da zamantakewa, sau biyu a mako ya wadatar. Sana'a kuwa a nan gida ya fi makaranta: telan unguwa ko mai gyaran waya da kuka amince da tarbiyyarsa zai koya masa a yammacin Asabar abin da allon aji ba zai koya masa ba. Darasin Hausa ne nake roƙon kada a raina. Yaron da ya iya rubuta insha'i mai ma'ana da harshensa, da ƙa'idar rubutu, shi ke saurin iya yi da Turanci.

Mataki na biyar: zaɓen littafi

A shagon littattafai, kada ku tsaya a bango. Ku ɗauki littattafan lissafi biyu ko uku na aji ɗaya, ku buɗe batu guda a cikinsu duka, ku karanta a tsaye. Wanda ku da kanku kuka fahimci bayaninsa, shi ne naku, domin ku ne za ku zauna da yaron in ya kakare. Ku duba ko ana warware misali daki-daki kafin a ba da aiki, ko ayyukan na tashi daga mai sauƙi zuwa mai wuya, ko akwai amsoshi a baya. Littafin da ba amsoshi wahala ne ga uwar da ta bar aljabra shekara ashirin. Ku duba shafin ciki ku ga shekarar bugu. Tsofaffin kamfanoni irin su Learn Africa, University Press da ke Ibadan, Evans, da kamfanin buga littattafai na NNPC da ke Zariya a ɓangaren Hausa, sun daɗe suna bin manhajar ƙasa. Ku kiyayi bugun sata: takarda shara-shara, zane ya dushe, wani lokaci shafuka goma sun ɓace a tsakiya.

Littafi ɗaya ga kowane darasi ya isa. A zangon farko, na darussa uku ɗin nan manya kawai za ku saya. Ku haɗa da tarin tambayoyin BECE na shekarun baya, ba don hadda ba, don ku ga irin tambayar da ke jiransa.

Abubuwan waya taimako ne, ba su ne manhaja ba. Nigeria Learning Passport, wanda ma'aikatar ilimi ta tarayya ta ƙaddamar da haɗin gwiwar UNICEF a 2022, kyauta ne, manhajar ƙasa yake bi, akwai kuma darussa da Hausa. Khan Academy ma kyauta ne, yana da kyau wajen sake bayanin batun lissafin da ya ƙi shiga. Ku zaɓi bidiyon da kanku, ya kalla kuna kusa, a karɓe wayar in ya gama.

Mataki na shida: wa zai koyar, kuma yaushe

Manhajar da ta fi ƙarfin mai koyarwa ba ta da amfani komai kyanta. Ku faɗa wa juna gaskiya: wa zai zauna da shi awa uku kullum? In lissafi ya gagare ku, ku ɗauki malamin lesin don shi kaɗai, ku ba shi tsarin mako-mako, ku riƙa duba littafin aikin yaro kowace Juma'a. Ga mai hadda, bayan asuba na Alƙur'ani ne, kada boko ya taɓa shi. Bayan kalaci sai lissafi, tun ƙwaƙwalwa ba ta gaji ba, sai Turanci, sai kimiyya kafin azahar. Muraja'a da yamma. A bar masa ƙwallo da abokai bayan la'asar, domin ɗan shekara 12 da aka kulle da littafi daga safe har dare, karatun zai tsana.

Kimiyya tana son hannu. Ya shuka wake a gwangwani biyu, ɗaya a rana ɗaya a ɗaki, ya riƙa aunawa da rula yana rubutawa. Ya narka gishiri a ruwa ya shanya a faranti ya ga ya dawo. In makarantar da kuka ƙulla da ita tana da ɗakin gwaji, ku roƙa ya riƙa shiga ranar da sa'o'insa ke da aiki a ciki.

Mataki na bakwai: zango guda, sannan ku sake duba

Ku ba wa zaɓinku zango guda cikakke kafin ku yanke masa hukunci. Sauya littafi duk bayan mako biyu, saboda wata a rukunin WhatsApp ta yabi nata, rikita yaro yake yi. A ƙarshen zango ku ajiye sakamakon jarrabawar makarantar kusa da tsarin mako-mako, ku ga batun da ya zauna da wanda bai zauna ba. In darasi ɗaya ne ya ƙi, shi kaɗai za a sauya wa littafi ko malami.

Ku tanadi fayil tun ranar farko. A ciki ku sa jerin littattafan da aka yi amfani da su, littattafan aikinsa masu kwanan wata, takardun gwaji da maki, shaidar malamin hadda kan izifin da ya kai, da sakamakon kowane zango mai sa hannun shugaban makaranta. Ranar da za ku kai shi babbar sakandare, wannan fayil ɗin za a fara nema kafin a ba shi gwajin shiga.