Sabuwar Kyamara da Tsohuwar Kwamfuta: Inda Aka Fi Yin Kuskure

Kuskuren da ya fi ciwo cikin ƙiftawar ido ake yin sa. An soka katin kyamara a kwamfuta mai Windows XP, sai saƙo ya fito wai katin na bukatar fomat, wato a share shi a sake tsara shi, mai shi kuma ya amince. Shi ke nan, hotuna sun tafi. Alhali katin lafiyarsa ƙalau, kwamfutar ce ba ta gane shi ba. Katin da ya haura gigabait 32, wato SDXC, da tsarin ajiyar fayil mai suna exFAT yake zuwa, XP kuwa ba ta iya karanta shi sai an saka mata sabuntawar da Microsoft ta fitar don haka. In ka ga wannan saƙo, rufe shi ka zare katinka. Fomat a cikin kyamara ake yi, shi ma sai an kwashe komai.

Ramin kati na tsofaffin kwamfutoci ma yakan yaudari mutum. Da yawansu an ƙera su ne don katin SD da bai wuce gigabait 2 ba. Katin SDHC, wanda ya haura gigabait 2 har zuwa 32, zai shige daidai, amma shiru kake ji. Sabuwar na'urar karanta kati mai USB ita ce magani, kuma a ganina ta fi haɗa kyamarar kai tsaye sauƙi.

In da waya za a haɗa, a fara zargin wayar kafin kyamara. Wasu wayoyin na caji ne kawai, babu layin ɗaukar bayanai a cikinsu. Fitila za ta kama, kwamfuta ba za ta ga komai ba. A nemo wadda ta zo da kyamarar, a soka ta a ramin USB na bayan kwamfuta, kada a bi ta mahaɗa mai baki da yawa.

Sai kuma saitin USB da ke cikin kyamarar, wanda ba kowa ke leƙawa ba. Wasu kyamarori suna ba da zaɓi tsakanin hanyoyin haɗi biyu, PTP da Mass Storage. In na farko ya ƙi, a gwada na biyu: kwamfuta za ta ɗauki kyamarar tamkar filashi, a buɗe folda mai suna DCIM a tarar da hotuna. Windows 98 dai sai an saka mata direba, wato manhajar da ke sa ta gane na'urar, ko ta wace hanya.

Gaggawa ma na ɓata aiki. Ramin USB 1.1 iyakar gudunsa megabit 12 a daƙiƙa, na 2.0 kuwa 480. Gigabait ɗaya kan ci fiye da minti goma a tsohon, sai mutum ya zaci abin ya maƙale ya fizge waya. A cika batir kafin a fara, a kuma kwafa maimakon a yanke, don ko an katse asalin na nan a kati.

Hoton da ya shiga amma ya ƙi buɗewa galibi RAW ne, wato ɗanyen hoton da sai da manhaja ta musamman ake buɗe shi, bai lalace ba. A saita kyamara ta riƙa ajiye JPEG tare da shi.